Tafintar Tsakar Gida

A gidanmu na cikin Ƙofar Na'isa, tun ina yarinya ni ce tafinta, amma tafintar Hausa zuwa Hausa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ko yana tsugune a bakin ƙofar ɗakinta, gwiwarsa na taɓa tabarmarta, sai ta juyo wajena ta ce, "Gaya wa wancan ya sa a duba indararon nan kafin ruwa ya sauka." In juya in ce, "Yaya, wai ka sa a duba indararo." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata to." Da na yi aure aikin ya koma hannun duk wanda ke kusa. Da mijina ya rasu na dawo gida da keken ɗinkina, sai na tarar da muƙamina yana jirana. Yaya ya yi furfura, ya yi ritaya daga aikin hedimasta, ya aurar da 'ya'ya, amma a bakin Inna har yau "wancan" ne.

Autanmu kuwa fata ce ta kai shi Italiya. Mu jinin majema ne, duk da dai a zamaninmu boko ya ɗauke yawancin mazan gidan. Shi kaɗai ya riƙe sana'ar, ya bi wani mai sayen ƙirgi ya tafi, ya samu aiki a wata masana'antar jima a can. Ya dawo ya auri wata 'yar unguwarmu, ya tafi da ita, suka haifi yara biyu, mace da namiji. Macen aka sa wa sunan Inna. Ba mai iya kiran wannan suna a gidanmu, don haka Takwara muke ce mata. Inna ba ta taɓa ganin ta ba sai a fuskar waya, inda hoton ke tsayawa cak a tsakiyar gaisuwa.

A wata damina ya kawo su hutun makaranta. Shi bai daɗe ba ya koma bakin aiki, ya bar matar da yaran a kan za su zauna har ƙarshen hutu. Takwara na da shekara takwas a lokacin, ƙanenta kuma biyar. Yarinyar ta shigo gidan nan da baki kamar rediyo. Tana jin Hausa sama-sama, amma amsa sai da Italiyanci, kuma ba da baki kaɗai take yin sa ba, har da hannuwa da kafaɗu da gira. Ta yi wa akuya magana, ta yi wa randa magana, ta tsaya gaban Inna ta zuba mata wani dogon labari, Inna na dariya tana cewa, "Allah ko? To madalla," alhali ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Uwar yaran ta ce ba laifinsu ba ne, daga safe zuwa yamma suna makaranta, su iyayen suna wajen aiki, Hausar da ake yi a gida ba ta wuce ta "ci abinci" da "je ka kwanta" ba.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Wata rana wani abokinsa ya gaida Takwara a zaure, ta dube shi ta amsa da yarenta. Mutumin ya yi dariya ya ce ashe gidan majema ya fara haifar Turawa. Bayan la'asar sai ga Yaya a tsakar gida, hannuwa a baya, irin tsayuwar da ya saba yi a gaban ɗalibai da safe.

"Daga yau," in ji shi, "tun daga zaure har ƙuryar gidan nan, ba a yin wannan yaren. Hausa kawai."

Na ce, "Yaya, baƙi ne fa."

Ya ce, "Baƙi a gidan ubansu? Ni da kike gani, bulala na sha a makarantar kwana a kan na yi Hausa, da haka na iya Turanci. Ba zan taɓa kowa ba, amma sai an toshe ƙofa ɗaya yaro yake neman ɗayar."

Na san ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji kada jinin gidanmu ya tashi bai san yadda ake gaida mutane ba. Amma Yaya mutum ne da idan ya ga hanya ɗaya, ko an nuna masa wata sai ya ce rami ce. Na yi ƙwafa na koma kan kekena.

Ƙaramin bai ma san an yi doka ba. Ya faɗa cikin yaran lungu, yana dawowa da taɓo har gwiwa da Hausa sabuwa fil, mafi yawanta zagi. Takwara ce abin ya kama. Yarinya ce mai jin kai, irin na takwararta. Ranar farko ta gwada neman ruwa da Hausa, jikokin Yaya suka kwashe da dariya. Ta juya za ta rama da yarenta, Yaya ya ɗaga yatsa daga inda yake alwala ya ce, "Hausa." Ta dube shi, ta dube su, ta rufe bakinta.

Ba ta sake buɗe shi ba. A kira ta ta zo, a tambaye ta ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Takan zauna kusa da kekena tana tsince ƙyallaye, tana ƙulla wa 'yar tsanarta zane, ba uffan. Idan maganar ta cika mata ciki sai ta ja uwarta banɗaki su yi raɗa. Gidan ya yi wani irin shiru da ban so ba. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Inna ta jawo ta jikinta, ta yi mata wasan kaka da jika, ta ce mata mummuna mai ƙaton goshi, wai ko za ta tanka. Yarinyar ta yi murmushi kawai ta sunkuyar da kai.

Wata safiya muna zaune mu uku muna tsinkar zogale, ni da Inna da uwar yaran, sai ita uwar yaran ta ce mana jiya Takwara ta yi wa babanta kuka a waya, ta ce gida take so. Shi kuma ya ce zai nema musu jirgin da ya fi kusa, idan ya samu su taho kawai.

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Ta ce, "Shekaru ina jiran in ji muryar yarinyar nan ba ta cikin waya ba. An kawo min ita, an ɗinke mata baki, yanzu kuma za a ɗauke ta ko hira ɗaya ba mu yi ba."

Can sai ta tambayi surukarta, wai su a can ƙasar, idan mutane kaɗan ne masu wani yare a cikin masu yawa, yaya ake yi da su? Uwar yaran ta ce ita dai ta taɓa raka wata maƙwabciyarta wani gari a tsallaken iyaka, inda masu Italiyanci su ne 'yan tsiraru. Ta ce allunan titi duk da yare biyu aka rubuta su, kuma an gaya mata doka ce, idan ka shiga ofis kana da haƙƙin a amsa maka da yarenka, yaranka ma su yi karatu da shi.

Inna ta ce, "Don su kaɗan ne ba a ce su haɗiye nasu ba?"

"Ba a ce ba, Inna. Wai ma saboda su kaɗan ne aka yi dokar."

Inna ta jima tana murza ganye ɗaya a tsakanin yatsunta. Na san asalinta Bafulatana ce, kowa ya sani, amma ban taɓa jin ta yi Fulatanci ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ranar ta gaya mana. Tana ƙarama aka kawo ta birni riƙo wajen gwaggonta. Duk sanda ta buɗe baki sai yaran gida su kwaikwaye ta, don haka ta daina. Ta ce ita ba ta san ranar da yaren ya fita daga bakinta ba, sai da mahaifiyarta ta zo ganin ta bayan shekaru, da ƙwaryar man shanu a kai. Suka zauna a ɗaki, tsohuwar ta yi ta magana, ta yi ta magana.

"Ni kuwa ina ta cewa to," in ji Inna. "Har ta tafi ban san me ta gaya min ba. Ba mu sake haɗuwa ba."

Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ita kuwa ta karkaɗe zanenta ta ce, "Kira min wancan."

Yaya ya zo ya tsuguna a inda ya saba. Inna ta sa aka tara kowa, har jikoki. Ta kafa idonta a kan bangon da ke gefensa, ta fara.

"Gaya wa wancan, ina ce dai ina da rai."

Na ce, "Yaya, wai tana da rai."

Ya ce, "Ki ce mata Allah ya ƙara nisan kwana."

"Gaya masa dokar zaure ta tsaya a zaure. Nan tsakar gida tawa ce. Daga yau duk maganar da aka yi don kowa ya ji, kiran abinci ne, aike ne, faɗa ne, sau biyu za a yi ta. Da Hausa, da yaren takwarata."

Na isar da saƙo ina jin daɗi har cikin raina. Ban san nawa na tafe ba. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kuma na sauke ki. Kin tsufa, kuma yare ɗaya gare ki."

Wallahi sai da abin ya sosa min rai. Aikin da na yi tun ban iya ɗaura zane ba, ko sannu babu. Ina kallo ta jawo Takwara, ta ciro wani farin ɗankwali daga ƙarƙashin matashinta, ta naɗa mata a kai kamar rawani. Ta ce daga yau wannan ce tafintar gidan, duk mai magana da ita Inna daga ɓangaren wancan, ta nan zai biyo.

Yaya ya dube ni ya ce, "Ki ce mata yarinyar nan ba za ta taɓa koyon Hausa da haka ba."

Kafin in buɗe baki Inna ta ce wa bango, "Ban ji komai ba. Ba ta hannun tafinta ya biyo ba."

Uwar yaran ta durƙusa ta yi wa 'yarta bayani da Italiyanci, a fili, a gaban Yaya, karo na farko tun da aka kafa doka. Takwara ta saurara da ɗankwali ya rufe mata rabin ido. Ta yi wata tambaya a hankali. Uwar ta danne dariya ta ce, "Wai tana tambaya, har Baffa ma dole ya jira sai ta gama?"

Inna ta ce, "Shi ne ma na farko."

Aka bar Yaya da zaɓi biyu, ko ya yi magana da yarinyar, ko ya daina magana da uwarsa. Ya yi gyaran murya, ya matso, ya ce, "Takwara, ki ce wa Inna na ji, amma ina da magana."

Yarinyar ta juya wajen uwarta da ƙanenta, ta ɗaga hannuwa biyu, Italiyanci ya ɓalle. Duk abin da ta tara a kwanakin nan sai da ya fito, har da nuna Yaya da haɓa. Da ta gama ta juyo wajen Inna, ta ce, "Inna, Baffa ta ce ta ji."

Jikokin Yaya suka fashe da dariya. Na ga fuskar yarinyar ta fara rufewa. Inna ta buga mafici a ƙasa ta ce duk wanda ya yi wa Hausar tafinta dariya, to ya tashi ya maimaita maganar da Italiyanci a ji nasa. Ta nuna babban cikinsu. Ya miƙe yana susar ƙeya, uwar yaran ta faɗa masa kalmomin, ya kama su ya yi musu kaca-kaca. Takwara ta yi dariya har ɗankwalin ya faɗi, mu ma muka taya ta.

Daga ranar gidanmu ya koma wani abu dabam. Idan an sauke tukunya, Inna ta ce a zo a ci abinci, sai Takwara ta hau kan turmi ta yi shela, "A tabola." Wai ma'anarsa a zo kan tebur, mu da ko teburin ba mu da shi, a tabarma muke ci. Ba a jima ba Inna da kanta ta karɓe kalmar, tana kwaɗa ta tun kafin tafinta ta hau turmi. Mai garuwa idan ya kawo ruwa sai ya tsaya a ji da shi da yare biyu, ya tafi yana girgiza kai. Matan maƙwabta suka riƙa ƙirƙiro aron rariya da aron ludayi don su zo su ji. Faɗa ma ya yi wuya a gidan, domin kafin a juya maka zagin da ka yi zuwa Italiyanci, zuciyarka ta riga ta huce.

Yaya ya fi kowa shan wahala. Inna da a da sai ta yini ba ta aika masa da saƙo ba, yanzu ta tsiro da saƙonni iri-iri. A gaya wa wancan goro ya ƙare. A tambayi wancan ko ya ji an yi rasuwa a Ƙofar Nassarawa. Duk sai ya tsuguna ya jira yarinya 'yar shekara takwas ta gama da jama'arta kafin a zo kansa. Kuma ya lura da wani abu. Shi zai faɗi magana gajeriya, amma idan ta shiga Italiyanci sai ta yi tsawo, uwar yaran kuma ta riƙa toshe baki da mayafi. Ya matsa mata da tambaya, ta ce, "Yaya, ka ce a kawo maka abinci zaure. Ita kuma ta ƙara da cewa wai ka ce ƙundun kaza nata ne, kada a ba ƙanenta."

Tsohon hedimasta ba ya jure a yi magana a kansa bai sani ba. Wata rana na fito zan je sayen zare, na tarar da su a zaure, inda dokarsa ta rage. Yana zaune a kan buzunsa, ita tana tsaye, hannuwa a baya. Tana faɗin kalma yana maimaitawa, tana girgiza kai tana cewa, "A'a, Baffa. Kuma." Da ya gan ni sai ya ɗaure fuska ya ce bincike yake yi, don a daina cutar sa. Kalmar da ta fi zama masa a baki ita ce "basta", wato ya isa, kuma a kaina ya fi amfani da ita.

Hausarta kuwa ta riƙa tohowa ba wanda ya sa ta. Mai ɗaukar saƙo dole ya san abin da ya ɗauka. Ta riƙa bi na tana tambaya, "Gwaggo, mene ne indararo? Gwaggo, mene ne ta'aziyya?" Ni da aka tsige, na koma mai ba tafinta shawara a ɓoye. Da Yaya ya ji ta gaida abokin nan nasa tiryan-tiryan har da tambayar iyali, sai ya shigo yana cewa ai dama abin da yake nufi ke nan tun farko. Na ce masa basta.

Mun shagala har mun manta da zancen jirgi. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tsakar gida ana rabon dambu, wayar uwar yaran ta yi ƙara. Autanmu ne. Ta sa shi a lasifika, muka gaisa, sannan ya ce ya samu kujeru a jirgin da zai tashi farkon mako, yau ake so ya tabbatar. Ya ce a ba shi Takwara, tunda ita ta nema.

Na dubi Inna. Ta ajiye cokalinta, ta ɗauki carbi, ta sunkuyar da kai. Ba ta ce a roƙi yarinyar ba. Yaya da ke bakin ƙofa ya cire hula ya mayar.

Takwara ta karɓi wayar ta yi magana mai tsawo da Italiyanci, hannunta ɗaya na yawo a iska. Muka ji uban ya yi tambaya, ta amsa, ya yi dariya, suka yi sallama. Uwar ta san abin da aka ce, amma ta ƙi ɗago kai. Yarinyar ta miƙa wayar ta koma kan dambunta kamar ba abin da ya faru.

Yaya ne ya kasa haƙuri. Ya ce, "Tafinta, doka fa. Sau biyu ake faɗi."

Ta tashi ta hau turmi, bakinta duk mai. Ta ce, "Na ce wa Babana ba yanzu ba. Ina da aiki." Ta ɗan yi tunani, ta ƙara da cewa, "Kuma ni da Inna ba mu yi hira ba tukuna."

Inna ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen carbinta. Sannan ta ce, "Gaya wa wancan ya aika a sayo kaza. Ƙundun na tafinta ne."

Washegari da hantsi ina kan ɗinkin wata riga, sai na ji murya daga ɗakin Inna. Na ɗauka baƙuwa aka yi, don ba Hausa ake yi ba, ba kuma Italiyanci ba. Na leƙa. Su biyu ne a kan gado, Takwara ta yi matashi da cinyar Inna, Inna na tsefe mata kai. Inna ce ke magana, a hankali, tana laluben kalmomi, ta faɗi ɗaya ta tsaya, ta nemo wata. Fulatanci ne, ɗan abin da ya rage mata. Idan ta yi shiru sai yarinyar ta karɓa da nata yaren, ta yi ta zuba, Inna na cewa to, to. Wannan karon da dariya take faɗin sa.

Na ce, "Inna, ko a nemo muku mai fassara? Ni dai ba ni da aiki yanzu."

Ko kallo na ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ma nema. Sakar mana labule."

Na saki labulen na koma kan kekena. Na daɗe a zaune ban taka shi ba, don kada ƙararsa ta hana ni jin su.